Sharhi kan kamfanin da ya kwashe mana kaya: batun inda mota za ta tsaya

Makonni uku ke nan da muka tashi daga gidan da muka shafe shekaru a cikinsa, kuma sai yanzu na samu natsuwar rubuta abin da na gani game da kamfanin da muka ɗauka domin kwashe mana kaya. Naɗe kujeru da ɗaure kwalaye sun yi su yadda ya kamata, ba ni da ta cewa a kansu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wurin tsayuwar babbar motar da hanyar da kaya suka bi kafin su shiga cikinta, domin a nan ne suka burge ni, a nan ne kuma suka ɓata mini rai.

Saura kwana 10 a tashi suka turo wani ma'aikacinsu, dattijo mai natsuwa, da tef ɗin awo a aljihunsa. Na ɗauka kaya zai fara dubawa, sai na ga ya tsaya a bakin titi. Ya auna faɗin layin, ya ɗaga kai ya dubi wayoyin lantarki da reshen bishiyar da ya rankwafo kan hanya, sannan ya taka har kwanar da mota za ta shigo ta cikinta, ya daɗe a tsaye yana nazarin ko za ta iya juyawa. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce: "Ranka ya daɗe, kaya ba sa ba mu wahala, inda mota za ta tsaya shi ne aikin." Ya bayyana mini cewa motar da za su kawo ta kai kusan mita 8 daga gaba zuwa baya, faɗinta mita 2.5, daga ƙasa zuwa rufinta kuma ta haura mita 3, kuma dole a bar wajen mita 3 a bayanta domin ƙarfen da ke saukowa ya ɗaga kaya masu nauyi. Tun da ƙaramar mota tsakanin mita 4 ne zuwa 5, abin da ake bukata shi ne wurin motoci uku a jere, ba tare da ko ɗaya a tsakiya ba.

A birane da dama ba a tare wani ɓangare na titin jama'a sai da takardar izini daga hukuma, kuma ana nemanta ne kwanaki kafin ranar. Su suka nema mana, suka kafa alluna masu nuna rana da lokaci, suka rubuta kuɗin takardar daban a cikin lissafi, abin da na yaba ƙwarai. Sun kuma shawarce ni in sanar da maƙwabta da bakina, domin mutum ya fi saurin janye motarsa idan maƙwabcinsa ne ya roƙe shi.

Ranar tashi da safe aiki ya tafi sumul. Direba ya shigo da baya, yaron mota yana tafe a gefe yana yi masa nuni da hannu, har bayan motar ya daidaita da ƙofarmu, tazarar ba ta wuce taku goma ba. Da yake layin yana da ɗan gangara, sun cusa katako a ƙarƙashin tayoyin baya, sun shimfiɗa faffaɗan katako a kan kwata domin keken tura kaya ya wuce da firji ba tare da ya girgiza ba. Direban ya kuma matsa sosai gefe, ya bar hanyar da motar asibiti ko ta kashe gobara za ta iya bi, bai tare ƙofar kowa ba. Ba a cika awa uku ba aka rufe motar.

A sabon gidan ne labari ya sauya. Ba su je sun duba shi ba, sun wadatu da hotunan da na tura musu ta waya, alhali hoto ba ya nuna awo. Get ɗin harabar yana da dakalin kankare a samansa, kuma da motar ta iso sai ta kasa shiga. Dole ta tsaya a waje, wajen mita 60 daga ƙofar benen, mu kuma a hawa na uku za mu zauna. Na ga ma'aikata huɗu suna kai da komowa da kwalaye a ka har rigunansu suka jiƙe sharkaf, aikin awa biyu ya kai mu bayan faɗuwar rana. Babban kabad ɗinmu bai shiga lif, wato na'urar hawa bene, ba, sai ta matakala aka bi da shi, gefensa ya gogi bango ya ƙarzu. Ni ma ina da nawa laifin, domin ban tambayi mai kula da ginin lokutan da aka yarda a yi amfani da lif wajen hawa da kaya ba, muka yi zaman jira na kusan awa guda. Amma batun get nasu ne, tun da su suka san girman motarsu, kuma da sun auna da sun zo da ƙaramar mota mai ɗebo kayan daga titi zuwa ƙofa.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ƙarin kuɗin da suka rubuta na ɗaukar kaya daga nesa. Sharaɗin yana cikin yarjejeniyar, ban musa ba, sai dai sakacinsu ne ya jawo nisan. Bayan na rubuta musu suka janye rabinsa, suka ba da haƙuri cikin mutunci.

Zan sake ɗaukarsu idan bukata ta taso, amma da sharaɗin dattijon nan ya je gidajen biyu da tef ɗinsa, a kuma rubuta mini awon motar a takarda. Washegarin tarewarmu na sauka na auna tsayin get ɗin daga ƙasa zuwa dakalin da kaina, awon bai ɗauke ni minti biyu ba, na samu mita 2.8.