Gargaɗi: yuro 350 na biya mai ɗaukar hoto a Kapadokiya, ko hoto ɗaya ban samu ba

Yau kwana goma sha ɗaya da dawowarmu daga Turkiyya, kuma tun ranar da muka sauka nake rubuta wannan bayani ina gogewa, domin ba ƙaramin abin kunya ba ne mace kamata, wadda ta shekara bakwai tana saro kaya a unguwar Laleli ta birnin Santambul, ta fito bainar jama'a ta ce wani mutum da ba ta taɓa ganin fuskarsa ba ya raba ta da yuro 350 ta waya. Yuro na ce, ba lira ba, ba kuma naira ba. Wanda yake son sanin nauyin kuɗin ya je Wapa ya tambayi canjin yau, ya ninka sau 350, sannan ya dawo ya ci gaba da karatu.

Wannan tafiya ba ta kasuwa ba ce. Aurenmu ne ya cika shekara goma, maigidana kuma in ban da Umara bai taɓa fita ƙasar waje ba, shi ya sa na ƙudurta cewa bana zan kai shi Kapadokiya, yankin nan na tsakiyar Turkiyya mai duwatsu masu tsini kamar hasumiya, inda ake kwana a otal ɗin da aka sassaƙa cikin kogo, manyan balan-balan masu ɗaukar mutane kuma suke tashi da sassafe su cika sararin sama. Burina bai wuce mu samu hoto guda mai kyau ba, ni da shi, balan-balan ɗin suna bayanmu, in sa a yi masa gilashi in rataya a falo. Ban gaya masa na ɗauki mai hoto ba sai da muka isa, domin na so abin ya zo masa ba zato, kuma wannan ɓoyewa tana cikin abubuwan da suka fi ci mini rai yanzu, tunda da na yi shawara da shi wataƙila da ya tambayi abin da ni ban tambaya ba.

Kafin wani ya ce garaje na yi, bari in lissafa abin da na duba. Shafin mutumin a Instagram yana da mabiya sama da dubu arba'in, hotunan da ke kai sun kai ɗari uku, ciki har da na mata masu hijabi sanye da doguwar rigar nan mai jela da iska take ɗagawa. Lambar da ya ba ni ta WhatsApp ta fara da +90, wato ta Turkiyya ce. Asusun bankin da ya turo ya fara da TR kamar kowane asusu da na saba tura wa masu shaguna kuɗi a Laleli. Ya san sunayen wurare ɗaya bayan ɗaya: ya ce za mu fara da kwarin da ake kira Kwarin Soyayya kafin rana ta fito, mu wuce wajen dutsen Uchisar, mu ƙare a saman wani otal a garin Goreme inda ake shimfiɗa dardumai da matasai. Har ya tambaye ni ko a Kayseri za mu sauka ko a Nebshehir, ya ce daga Kayseri tafiyar kusan awa guda ce a mota, kuma da muka je na tarar haka abin yake. Ni ba yarinya ba ce, na sha tura dubban daloli ga mutanen da ban sani ba sai ta waya, kaya kuma su iso Kano lafiya. Me ya rage da ban duba ba?

Ga inda ya kama ni, kuma wurin nan nake ta komawa kullum idan na kwanta. Mun yi ciniki a kan yuro 450, awa uku, da riga, da tsohuwar mota mai buɗaɗɗen sama, da hotuna arba'in gyararru. Saboda ba na son yawo da kuɗi da yawa a jaka, sai na ce masa zan turo rabi tun daga gida. Ya ce a'a. Ya rubuto mini cewa, "Abla, kada ki biya da yawa ga wanda ba ki gani ba, akwai macuta a wannan sana'a, yuro 150 sun isa kapora, sauran sai kin ga hotunanki." Abla a harshensu yaya ke nan, haka masu shaguna suke kirana, kapora kuwa shi ne kafin-alƙalami. Ni ce na miƙa 225, shi ne ya mayar da ni 150. Wane ɓarawo ne ake ba shi kuɗi ya ce a rage? Na karanta wannan saƙo ya fi sau hamsin, kuma har yau idan na karanta shi sai in ji kamar mutumin kirki ne ya rubuta. Ya ƙara da cewa matarsa ce za ta taya ni sa riga da gyara mayafi, ba namiji ba, saboda ya san al'adarmu, kuma ya rufe da in sha Allahu. Daga wannan lokaci na daina bincike, na koma yi masa godiya.

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba muna tsaye a ƙofar otal, ranar Laraba, cikin sanyin da ban taɓa jin irinsa ba ko a tsakiyar hunturun Kano. Na tashi tun ƙarfe uku na yi kwalliya, maigida ya sa babbar rigar shaddar da na ɗinka masa musamman domin wannan rana, ya ɗora hula zanna, yana ta hura hannu. Motocin kamfanonin balan-balan suna zuwa suna kwasar baƙi, kowace ta tsaya sai in leƙa in ga ko tamu ce.

Na tsallake wani abu, bari in koma baya. Kwana huɗu kafin mu tashi daga gida, ko biyar, zan duba hirar in tabbatar, ya turo saƙo cewa mai motar da mai hayar riguna sun ce sai an biya su kafin su riƙe mana ranar, saboda lokacin cunkoson baƙi ne, kuma akwai kuɗin izinin ɗaukar hoto a kwarin, duka yuro 120, waɗanda za a cire daga cikin 450 ɗin. Tunda ba ƙari ba ne a kan ciniki, ban ga abin musu ba. Wannan karon asusun da ya turo da sunan mace yake, na tambaya, ya ce matarsa ce, wadda za ta taya ni shiri. Na biya. Yuro 150 da yuro 120, an kai 270 ke nan ban ko hau jirgi ba. Kuma duka biyun ban tura da kaina ba, na ba ɗan canjin da na saba hulɗa da shi naira, shi kuma ya sa wakilinsa na Santambul ya zuba a asusun, kamar yadda nake biyan kuɗin kaya. Shi ɗan canjin ba shi da laifin komai, abin da na sa shi ya yi, amma sakamakon haka shi ne rasit ɗin banki, wanda su suke kira dekont, ba sunana ne a jiki ba.

Asalin ranar da muka tsayar Talata ce, ba Laraba ba. A Kapadokiya balan-balan ba sa tashi sai hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar ta ba da izini bayan an duba ƙarfin iska, kuma da tuta ake sanarwa: kore a tashi, rawaya a dakata, ja an soke. Ranar Talata da asuba ya rubuto cewa tuta ja ce, babu tashi, hoto kuma ba zai yi armashi ba sama fayau, gara mu ɗaga zuwa gobe. Na sauka na tambayi yaron da ke karɓar baƙi, ya ce gaskiya ne, an soke tashi yau. Kun ga yadda ya haɗa ƙaryarsa da gaskiyar Allah? Shi da kansa ya ba ni labarin da na tabbatar a bakin wani, sai amanar da na ba shi ta ƙara kauri. Da rana sai ga saƙo cewa ɗage ranar zai ci yuro 80, domin an riga an ba wasu motar da rigar gobe, sai an ƙara wa masu su wani abu su janye. Na yi ɗan ƙorafi, ya ce shi ma ba a son ransa ba, zai ƙara mini hotuna goma kyauta. Na kira wakilin ɗan canjin, ya tura. Yuro 150, yuro 120, yuro 80. Shigo-shigo ba zurfi aka yi mini, ni kuma ina tafiya ina cewa na gode.

To, mu koma ƙofar otal. Ƙarfe biyar ta yi, na tura saƙo, alama ɗaya ta fito. Biyar da kwata na kira, ba ta shiga. Biyar da rabi hoton da ke kan lambarsa ya ɓace, na buɗe Instagram na nemi shafin, aka ce babu shi. Gari ya fara wayewa, balan-balan fiye da ɗari suka tashi a kanmu, har muna jin ƙarar wutar da ake hura musu, mutane a saman gine-gine suna ta murna suna ɗaukar hoto, ni kuwa ina tsaye da kwalliyar awa biyu a fuska ina danna waya kamar wadda ta zautu. Maigida bai ce uffan ba sai can, ya ce, "Maman Ummi, nawa kika ba shi?" Na ce 150. Ƙarya na yi masa a wannan lokaci, sai da daddare na faɗa masa 350 ne, kuma wallahi faɗar ta fi mini biyan ciwo.

Yaron otal ɗin ne ya warware mini komai cikin minti biyu. Na nuna masa hotunan shafin da na adana a waya, ya duba ya girgiza kai, ya ce waɗannan ai aikin wani mai hoto ne da ya sani a garin, ya buɗe mini shafinsa na gaskiya a tasa wayar. Hotuna iri ɗaya, tsari iri ɗaya, bambancin sunan harafi ɗaya ne tak da ɗigo a tsakiya. Ya ce abin da ya sani ana biya a wasu wuraren kallo 'yan lira ne na shiga da ake karɓa a bakin ƙofa, bai taɓa ganin baƙo ya turo kuɗin izini daga ƙasarsu ba. Ya kuma nuna mini wani wuri a Instagram da ban taɓa lura da shi ba, inda ake ganin lokacin da aka buɗe shafi da yawan canjin suna da aka yi masa. Da muka duba shafin macucin ta wayar yaron, tunda ni kaɗai aka toshe, sai ga shi an sauya masa suna sau shida. Sannan na tuna cewa duk sharhin da ke ƙarƙashin hotunan zuciya ce da fure, babu mutum ɗaya da ya rubuta jimla cikakkiya, babu kuma baƙon da aka maƙala sunansa a hoto. Na gani tun farko, amma idona ya wuce ta kai, saboda mutumin da ya ce kada in biya da yawa ba zai cuce ni ba.

Mun je ofishin jandarma, domin su ne suke kula da irin waɗannan ƙananan garuruwa, yaron otal ɗin ya raka mu ya yi mana tafinta, Allah Ya saka masa da alheri. Sun karɓe mu da mutunci, sun rubuta bayani, sun ɗauki lambobin asusun biyu, suka ce takardar za ta wuce wurin mai gabatar da ƙara, kuma zai taimaka idan wanda sunansa yake kan rasit ya ba da nasa bayanin. Wakilin ɗan canjin kuwa ya ce shi ba ya son abin da zai kai shi gaban hukuma a kan yuro 350, ni kuma ban ga laifinsa ba, jirginmu kuma washegari ne. Mai hoton na gaskiya, da aka kira shi, ya ce ni ce ta huɗu da ta zo masa da wannan kuka, kuma ya sha kai ƙarar shafin. Ya so ya taimaka mana amma ranarsa a cike take. Hoton da muka dawo da shi guda ɗaya ne, wanda yaron otal ya ɗauka da wayata, idona a kumbure, maigida yana murmushin ƙarfin hali.

Akwai waɗanda suka ce mini in ɗauka sadaka na yi. Ban yi sadaka ba, kuma ban yafe ba. Wata ƙawata ta ce kwaɗayin araha ne ya ja mini, alhali 450 ba araha ba ce, na tambayi wasu masu hoto biyu kafin shi kuma farashinsu duk kusa da haka yake. Ban zaɓe shi don sauƙi ba, na zaɓe shi don ya ce 150 sun isa.

Masu shirin tafiya: kada ku tura ko sisi sai kun yi kiran bidiyo kun ga fuskarsa, ku sa otal ɗinku ya tabbatar da shi, ku duba tarihin sunan shafin, idan asusu ya canza suna ku tsaya, ku biya a hannu bayan an gama.

Ina da hotunan hirarmu gaba ɗaya, da rasit uku, da saƙon muryar da ya turo yana kirana abla, zan ɗora su da zarar na gama rufe sunan wakilin ɗan canjin da lambobin da ba nawa ba. Zan sa har da na daren jiya, domin shafin yana nan da ransa, ya sake suna karo na bakwai. Na sa ƙanwata ta yi masa magana daga tata wayar kamar mai shirin zuwa amarci, ta tambayi farashi, ya ce 450, ta ce za ta turo rabi. Ko minti uku ba a yi ba amsa ta shigo, kalma a kan kalma: abla, kada ki biya da yawa ga wanda ba ki gani ba, yuro 150 sun isa.