F-35, Rafale, Gripen ko na China: abin dubawa kafin ƙasa ta sayi jirgin yaƙi

Gudu da iya wulƙitawa a sama su ke burge 'yan kallo, amma a yaƙin sama na yau wanda ya riga hango abokin gaba a rada (na'urar hango jirage daga nesa), ya sakar masa makami mai linzami daga nisan fiye da kilomita 100, shi ke da rinjaye. Don haka rada da makami ake fara tambaya, sannan a tambayi wanda zai riƙa kawo kayan gyara har shekara 30.

F-35 na kamfanin Lockheed Martin na Amurka ya fi kowane jirgi da ke kasuwa iya ɓuya daga rada. Sirrin yana cikin siffar jikinsa, da fentinsa na musamman, da ɗaukar makamai a cikin cikinsa. Da zarar an rataya masa bama-bamai a ƙarƙashin fukafukai, layar zanar ta karye. Fentin nan kuma yana son kulawa a kai a kai, shi ya sa kowace awa ta tashi take cin kuɗi sosai. Ga kuma sharaɗin siyasa: a 2019 Amurka ta cire Turkiyya daga shirin F-35 saboda ta sayi makamin kakkaɓo jirage na S-400 daga Rasha.

Rafale na Dassault inji biyu gare shi, kuma Faransa ce ke ƙera injin da radar da kanta, abin da ke rage hannun Amurka a cinikin. Yana harba Meteor, ɗaya daga cikin makamai masu linzami mafi cin dogon zango da jirgi ke harba wa wani jirgi. Masar ta yi odar 24 a 2015, Indiya 36 a 2016, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa 80 a 2021. Tsada gare shi, layin jira kuma dogo ne.

Gripen na kamfanin Saab na Sweden ya dace da ƙasa mai ƙaramin kasafi: yana sauka a kan titin mota, 'yan makanikai kaɗan su zuba masa mai da makamai ya sake tashi. Sai dai injinsa na Amurka ne, ba a sayar da shi sai da yardarta.

Su-35 na Rasha yana da nisan zango da ɗaukar kaya, amma radarsa tsohon yayi ce idan aka gwada da ta waɗancan, kuma dokar takunkumin Amurka ta 2017 tana jiran mai saye. Indunusiya ta janye daga cinikin, ta koma Rafale 42 a 2022. Wanda aljihunsa bai kai ba yana iya duba J-10C na China mai harba makami mai linzami PL-15, ko JF-17 da ta ƙera tare da Pakistan, wanda injinsa na Rasha ne.

A kwangila, kada a tsaya kan adadin jirage. Cikin 24 wasu kullum suna wurin gyara, wasu na horas da matuƙa. A rubuta injunan ajiya, da yawan makamai masu linzami, da na'urar koyon tuƙi, da izinin haɗa makaman wata ƙasa a jikin jirgin. Iran ta karɓi F-14 na Amurka guda 79, juyin juya halin 1979 ya yanke mata kayan gyara, ta koma cire sassan wani jirgi tana sa wa wani. A kuma ware kuɗin jirgi mai ɗauke da babbar rada da na shayar da mai a sama, domin in babu su ko Rafale ba ya gani nesa, ba ya kuma daɗewa a sama.