Littattafai biyu kan zaman iyali: Educated da Stay With Me

Yawancin masu rubuta labarin gidansu rami ɗaya suke faɗawa: a mai da uba ko uwa dodo, shi kuwa marubucin ya fito fes. Abin da ya sa nake ganin girman Educated na Tara Westover, wanda ya fito a 2018, shi ne ta ƙi bin wannan hanyar, alhali babu mai ganin laifinta da ta bi.

A gindin wani dutse ta tashi a jihar Idaho ta Amurka, ita ce auta cikin 'ya'ya bakwai. Mahaifinta bai yarda da gwamnati ba, balle makaranta ko asibiti. Yaran suna yi masa aiki a filin da yake tara tsofaffin ƙarafa, uwar kuma ungozoma ce mai haɗa magungunan ganye. Sai da ta kai shekara 9 aka yi mata takardar haihuwa, sai da ta kai 17 ta fara zama a aji, a Jami'ar Brigham Young. A 2014 ta sami digirin digirgir a fannin tarihi daga Jami'ar Kambirij.

Ba digirin ne ya riƙe ni ba. Akwai ranar da wuta ta kama ƙafar yayanta bayan fetur ya jiƙa masa wando. Tana 'yar shekara goma, ta rasa yadda za ta yi, ta cika kwandon shara da ruwa ta tsoma ƙafar a ciki. Ba a kai shi asibiti ba, a gida uwar ta yi jinyarsa. A nan ne marubuciyar ta tsaya ta faɗa wa mai karatu cewa ita da 'yan'uwanta ba su tuna ranar iri ɗaya ba, musamman kan ko mahaifin yana wurin. Wannan gaskiyar ta sa na amince da sauran labarin, ko da yake iyayen sun musanta wasu sassansa ta bakin lauyansu. Kuma duk da azabar da ta sha, kana jin har yanzu tana son mutanen nan, shi ya sa rabuwarta da iyayenta daga baya ta yi ciwo.

Inda ya gaza a wurina, kashi na ƙarshe ya ja da yawa: ta koma gida, ta fito da ɓacin rai, ta sake komawa. Yadda kuma ta koyar da kanta lissafi har ta ci jarrabawar shiga jami'a, an wuce shi da sauri, ga shi nan ne na fi son a daɗe.

Stay With Me na Ayobami Adebayo, na 2017, ƙagaggen labari ne, amma jijiya ɗaya suke taɓawa. Yejide da Akin sun shekara huɗu ba haihuwa, dangi suka kawo amarya. Mata da miji kowa yana ba da nasa ɓangaren, sai ka ga babu mugu tsantsa, tsoro da ɓoye-ɓoye ne suka ci gidan. Surukar ma, da ka so ka tsane ta, za ka ga jika take nema. Asiran da ake tonawa sun ɗan yi yawa, ɗaya kan ɗaya, har suna neman danne babin ciwon sikila, wanda shi ne ya fi taɓa ni. Wanda ya taɓa binne ɗa, ya shiga wannan babin da shiri.