Horon kare cikin rukuni ko a gida, wanne ya fi?

Mu a Bauchi yawanci kare na gadi ne ko na farauta, sai a ɗaure shi a bayan gida a ce ya zama mugu, wallahi abin yana min ciwo.

Horo cikin rukuni, wato a tara karnuka da masu su wuri guda, shi ya fi dacewa da ɗan kwikwiyo. Daga sati 3 zuwa kamar 14 ne yake saurin sabawa da duniya, in ya ga yara da awaki da 'yan acaɓa da sauran karnuka a lokacin, to ba zai tashi yana haushi kan komai ba ko ya cafki almajiri a ƙofar gida. Amma fa sai an fara masa rigakafi tun sati 6 zuwa 8, don cutar parvo tana yaɗuwa ta kashi kuma tana kashe ƙanana sosai. Allurar rigakafin haukan kare kuma a wata 3, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da Jos ma tana haɗa ta.

Karen da aka tsinto a titi kam labarinsa daban. Ya sha jifa ya sha duka, ka jefa shi cikin taro tsoro zai sa ya yi cizo. Shi a gida zan fara, minti 10 safe da yamma, ɗan nama a hannu, babu bulala. Sai ya daina maƙale jela in ya ga baƙo tukuna in haɗa shi da kare ɗaya mai sanyin hali.