Kwantiragin tattara samfuri ko kujera cikin masu bincike?

Wani ɗan'uwa da ya gama digirin dakta a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ya kawo tambaya. Tawagogi biyu na waje sun neme shi kan binciken hatsi. Ta farko za ta biya shi perdiyam (alawus na kowace rana) mai tsoka ya tattaro samfurin ƙasa da iri, ta biyu kuɗinta kaɗan ne amma za ta sa shi cikin masu binciken. Wacce zai bi?

Malam, ta farko aikin haya ce. Ka sha ranar daji damina guda, a biya ka, samfuri ya tafi, sunanka ya ƙare a layin godiya na maƙala. Ba laifi ba ne in buƙatar gida ta matsa. Sai dai CAMES, majalisar da ke tantance malaman jami'o'in ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, mai mazauni a Wagadugu, maƙaloli take dubawa wajen ƙarin girma, da inda sunanka ya faɗo a jerin marubuta. Layin godiya ba ya shiga lissafi.

Ta biyu ta fi, amma a nan ne ake yawan yin kuka daga baya, don alkawarin baki ne ake tafiya da shi. Ƙa'idar ICMJE (kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya), wadda mujallu da dama ke bi, sharuɗɗa 4 ta gindaya wa marubuci: hannu a tsara aikin ko tattara bayanai ko nazarinsu, hannu a rubutu ko gyaransa, amincewa da kwafin ƙarshe, da ɗaukar alhakin abin da aka buga. Tattarawa kaɗai sharaɗi guda ta cika. In ba a turo maka daftari ka gyara ba, an samu hujjar cire ka ke nan.

Don haka kafin ka hau mota, a rubuta a sa hannu: maƙala nawa za a fitar, wacce za ka jagoranta a matsayin marubuci na farko, wa ke riƙe da ɗanyen bayanai, wa zai biya kuɗin bugawa. Iri kuwa kada ya ƙetare iyaka sai da takardar miƙa samfuri, bisa yarjejeniyar Nagoya ta 2010 kan rabon amfanin albarkatun halittu tsakanin ƙasashe. Ka buɗe lambar ORCID ma, wato lambar shaidar mai bincike a intanet, kyauta ce, don sunayenmu irin su Abdu da Musa sun yi yawa, aikinka na iya komawa kan wani.

Tawagar da ta ƙi sa hannu, ka yi cinikin kuɗinka da ita kamar ta farko.