Saƙon waya na rage shan giya ga matasan da suka gama jinyar ciwon daji: sharhi daga karkarar Jigawa

Abin da ya fi komai amfani a wannan shirin shi ne sirri. A ƙauyukanmu babu saurayin da zai zauna gaban ma'aikacin lafiyar da ya san mahaifinsa ya ce yana shan giya. Addini ya hana, dokar jiha ta hana, ga Hisba, ga surutun gari. Amma idan waya ce ta tambaye shi, yana ɗaki shi kaɗai, sai ka ga ya faɗi gaskiya, ko aƙalla ya kusance ta.

Ana yi wa mutum rajista da lambarsa ranar da ya koma ganin likita, sannan kira ya shigo da muryar Hausa, yana amsawa da danna lamba. Ƙaramar waya ma ta isa, ba a buƙatar data. Tambayoyin farko uku ne, waɗanda aka sani da AUDIT-C: sau nawa kake sha, nawa kake sha a ranar da ka sha, sau nawa kake kai awo shida a zama ɗaya. Maki daga 0 zuwa 12 ne. Daga nan shi da kansa zai zaɓi inda yake son kaiwa, ragewa ko dainawa, kullum da yamma a tambaye shi yadda ranar ta kasance, mako-mako kuma ma'aikaci ya kira.

Saƙonnin bayani sun yi kyau, babu wa'azi babu tsoratarwa. Suna faɗa wa mutum cewa tun 1988 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa giya cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar, musamman ta baki, maƙogwaro, hanta, hanji da mama. Wanda aka yi wa gashin daji da na'ura a wuya ko ya sha ƙarin ruwan maganin daji, jikinsa ya riga ya ji jiki. Cikin magungunan daji, methotrexate na taɓa hanta, doxorubicin na taɓa zuciya, giya kuma duka biyun take ci. In aka haɗa da ciwon hanta nau'in B, wanda ba baƙo ba ne a yankinmu, lissafin ya ƙara muni.

Matsala ta farko a ƙidaya take. Awo ɗaya a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya giram 10 ne na tsantsar barasa. Babbar kwalbar giya mai santilita 60, mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, tana ɗauke da wajen giram 24, wato kusan awo biyu da rabi. Saurayi zai danna 2 yana nufin kwalba biyu, shirin ya rubuta awo biyu, alhali ya kusa biyar. Burukutu a ƙwarya da ogogoro a 'yar gora kuwa babu wanda ya san ƙarfinsu. Sai makin ya fito ƙasa, a bar mai buƙatar likita da saƙon ƙarfafa gwiwa. Duk mai yi wa mutum rajista ya zauna ya auna masa abin da yake sha da irin mazubin da yake sha da shi kafin kiran farko.

Ta biyu ta fi haɗari. Shirin yana yaba wa wanda ya ce ya daina gaba ɗaya ba tare da ya duba ko kullum yake sha ba. Wanda jikinsa ya saba, in ya yanke lokaci guda, cikin awa 6 zuwa 24 zai fara rawar hannu da gumi da tashin zuciya, farfaɗiya na iya biyo baya cikin kwana biyu, ruɗewa da gane-gane kuma a kwana na biyu zuwa na uku. A ƙauye za a ce iskoki ne ko ciwon ne ya dawo, a ɓata lokacin da ya kamata a ce ana hanyar asibiti. Irin wannan mutumin likita ne zai sauko da shi a hankali, a asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure ko na Dawanau ko babban asibitin da ke kusa, ba waya ba.

Haka kuma babu tambaya ko ɗaya a kan tramadol da maganin tari mai kodin, alhali wasu tun lokacin jinya suka saba da maganin kashe zafi. Haɗa su da giya na danne numfashi.

Sirrin ma da na yaba yana da ɓaraka. Waya takan wuni a shagon mai caji, jere a kan benci da lamba manne a bayanta, saƙo ya shigo allo ya haska da kalmar "giya" ɓaro-ɓaro. Wata wayar kuma ta gida ce, ƙane na ɗauka, uwa na ɗauka. Ana iya roƙo a canza zuwa kira kawai, amma sai ka sani ka nema. Lokacin kiran ma ba ya la'akari da ranar kasuwa, kamar Alhamis a Maigatari, ranar da kuɗi ke shiga aljihu kuma abokai ke haɗuwa.

Ga mai sha jefi-jefi, wanda ke da wayar kansa, shirin ya isa a gwada. Wanda ke sha kullum, ko yake tashi da rawar hannu da safe, ko yake haɗawa da ƙwaya, a fara kai shi ga likita a duba hantarsa, saƙon ya biyo daga baya.