Kallon talabijin a kwamfuta: wace na'ura ce ta cancanci kuɗinka?

In kana son tashoshi su riƙa shigowa laftof ɗinka ba tare da cin data ba, na'urar tauraron ɗan Adam mai shiga ta USB za ka nema, wadda aka rubuta DVB-S2 a jikinta. Ita nake amfani da ita. Wayar dish ɗin nan da ke shiga risiba ita za ka ɗaura mata, ka buɗe manhaja irin ProgDVB ko DVBViewer, ka zaɓi tauraron da dish ɗin ke kallo, misali Nilesat a digiri 7 yamma ko Badr a digiri 26 gabas, ka sa lambobin LNB (kan nan da ke gaban dish mai karɓar sigina), wato 9750 da 10600, ka bar ta ta laluba. Tashoshin kyauta za su jeru, har da masu nuna Harami kai tsaye, kuma kana iya naɗar tafsiri ka ajiye. Na'urorin kamfanin TBS sun fi kwanta mini. Ka dai zaɓi mai adaftar wuta tata daban, domin LNB na buƙatar bolt 13 ko 18, tsohuwar laftof kuwa ba ta iya ɗaukar wannan nauyi. In ba haka ba, rabin tashoshin ne za su riƙa ɓacewa kana zargin mai saitin dish.

Katin kama tashoshi da ake sokawa cikin kwamfutar tebur yana da kyau, amma mai laftof ba shi da inda zai sa shi.

'Yar sandar USB ta DVB-T2 kuwa, wadda ke kama tashoshi ta eriya ba ta dish ba, ni dai ban ga ribarta ba. Gaskiya ne tsarin da Najeriya ke bi ke nan tun da aka fara sauyin dijital a Jos a 2016, amma GOtv da StarTimes a kulle suke. Sandar za ta kawo maka sunayen tashoshi reras, ka danna ka ga baƙin allo.

A nan ne kuma ha'inci ya yi katutu. Akwai tsofaffin sanduna masu ɗauke da cip ɗin RTL2832U, waɗanda tsohon tsarin DVB-T kawai suke ji, sai a zuba su a kwali mai rubutun T2 ɓaro-ɓaro. Wani mai shago ya taɓa sayar mini da irinta, har da rantsuwa. Da na mayar, cewa ya yi, "Yallaɓai, eriyarka ce ba ta kai sama ba." Don haka ka tafi kasuwa da laftof ɗinka, a soka a gabanka, ka buɗe Device Manager, inda Windows ke jera na'urorin da ke haɗe da kwamfuta, ka karanta sunan da ya fito. Wanda ya hana gwaji, ka kama gabanka. Ka kuma tabbatar direbanta, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane ta, na aiki da Windows ɗin da kake da shi, don ɗan faifan da ke cikin kwalin sau da yawa na zamanin Windows 7 ne.

Mafi muni su ne masu cewa za su sa maka manhajar da ke buɗe DStv kyauta in ka ƙara wani abu. Ba ta buɗe komai, kuma ba mamaki ka koma gida da ƙwayar cuta a kwamfuta. In ƙwallon Ingila kake so, ka biya kuɗin dikodarka, ka haɗa ta da laftof ta 'yar na'urar ɗaukar hoton HDMI, wadda ita ma sai an gwada kafin ka miƙa kuɗi.